Tsinke Biyu a Hannun Sodangi

Tun ranar da mai gari ya tara magidanta a gindin marken masallaci ya ce kowane gida zai ba da namiji ɗaya, Sodangi bai sake zama wuri guda ba. In ya shimfiɗa buzu a zaure sai zauren ya yi masa zafi, ya koma inuwar rumbu. Da ya zauna can kuma sai ya tuna bai leƙa akuyar da ta haihu ba, alhali sau uku ya leƙa ta tun safe. Dattijo ne mai shekara saba'in da takwas, gwiwoyinsa sun daɗe da yi masa tawaye, amma a kwanakin nan ya zaga gidan har matarsa Halimat ta tambaye shi ko ƙuma ce ta kama buzun.

Ba ƙuma ba ce. Tungar Marke ƙauye ne tsakanin Kurawa da bakin iyaka, kuma shekara biyu ke nan mutanensa suna noma, 'yan bindigar daji suna hana su girbi. Bara gero ya bushe a tsaye, tsuntsu ya ci ya ƙoshi, masu shi suna hangensa daga kan katanga. Bana da ya sake nuna, gari ya ce ya isa haka. Za a haɗa 'yan sa-kai su tsare bakin gonaki har a kwashe amfani, su kuma riƙa raka motar da ke zuwa kasuwar Isa. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Ƙauyen da ke gabas da su ya gwada haka, da bindigogin harba-ka-ruga da layu, kuma cikin waɗanda suka fita akwai bakwai da ba a samu ko gawarsu ba.

Da aka zo kan gidansu, mai gari ya tambaya, shin gida ɗaya za a ƙirga ko biyu. Tambayar tana da dalili. Zaure ɗaya ne, amma da ka shiga za ka tarar da katanga ta raba tsakar gidan. Hannun dama sashen Sodangi, ginin bulo da rufin kwano da rumbu huɗu. Hannun hagu sashen Is'haƙa, ɗan ƙanin mahaifinsa, ɗakunan laka biyu da rumbu guda wanda ko shi ba ya cika. Sodangi, wanda shi ne ya ja katangar nan da hannunsa, bai bari mai gari ya rufe baki ba ya ce gida ɗaya ne, tsintsiya maɗaurinta ɗaya. Wasu suka sunkuyar da kai suna murmushi. An daɗe ba a ji shi ya tuna da wannan zumuncin ba.

To gida ɗaya, namiji ɗaya, amma mazan da za su iya fita su biyu ne. Akwai Zayyanu ɗan Is'haƙa, saurayi mai babur da ke ɗaukar kayan 'yan kasuwa ta ɓarauniyar hanya zuwa wajen Maraɗi, kuma shi ke ciyar da mahaifinsa tun da ciwon yanar ido ya rufe masa gani. Akwai kuma Halliru. Sodangi ya yi shekara goma sha biyar da aure kafin Allah ya ba shi wannan ɗan, sauran da suka biyo baya duk mata ne. Don ɗan fari ne bai taɓa kama sunansa ba, sai dai "kai" in yana kusa, "wancan" in ba ya nan. Amma duk garin an san in Halliru ya yi tari a gona, Sodangi zai ji shi a ƙirjinsa daga gida.

Is'haƙa ne ya kawo shawarar. Ya ce kada a yi gardama, kada kowa ya ce an dubi mai shi an ƙyale maras shi. A yi ƙuri'ar tsinke ranar Juma'a bayan an sauko, kamar yadda iyayensu suka yi, wanda ya ja gajere shi zai tafi. Ya ce kuma Yaya, wato Sodangi, ne zai riƙe, tunda shi ne babba. Kowa ya yaba da adalcin. Sodangi kaɗai ne bai yaba ba, domin ya san yadda iyayen nasu suka yi.

Zancen ya samo asali ne tun yaƙin Turawa na biyu. Abin da ya haɗa su faɗa, mutanen Tungar Marke ba su sani ba a lokacin, ba a kuma ga dalilin gaya musu ba. Abin da suka gani kawai shi ne an rufe iyaka, an ce Faransan da ke Maraɗi ta koma bayan Jamus, don haka ɗan uwanka na Tibiri ya zama abokin gaba daga yau. Sai ga dogarai da takarda, ana son mutum kaza daga ƙasar hakimi, kaza daga kowane ƙauye. Da can in abu ya yi zafi a nan sai a tsallaka can, amma a shekarar nan can ɗin ya fi nan zafi da aikin tilas. Kason gidan ya faɗo kan 'yan'uwa biyu, Jibrilla mahaifin Sodangi da ƙaninsa Isah mahaifin Is'haƙa. Jibrilla ya riƙe tsinke, Isah ya ja, ya fito gajere. Aka tasa shi da ƙafa zuwa Sakkwato, daga can mota har tashar jirgin ƙasa, daga can na ruwa, har Bama, ba ta Barno ba, wata can bayan ƙasar Hindu inda ya shekara biyu yana dakon harsashi a ka cikin kurmi.

Ya dawo da ƙafafunsa da hannayensa, aka yi ta barka. Sai da damina ta faɗi aka gane abin da ya baro a can. Hadari yana haɗowa, gari yana murna, Isah zai fara rawar jiki. Ɗigon farko yana sauka zai rarrafa ƙarƙashin rumbu ya toshe kunnuwa, ba ya fitowa sai ƙasa ta tsane. An ce inda suka yi yaƙi ruwa yake kwana arba'in bai ɗauke ba, mutum ya ruɓe yana tafiya. Ko ma dai mene ne, a Gobir mutumin da ke tsoron ruwan sama ba shi da sana'a. Lokacin shuka shi ne lokacin da yake ɓoye. Sai Jibrilla ya riƙe masa kasonsa na gona da fadama, wai kafin ya warware. Bai warware ba, ba a kuma sake tayar da zancen ba. Daga nan rumbu huɗu da rumbu ɗaya suka fito.

Da rani kuwa Isah mutum ne mai daɗin hira. Sodangi yana tuna shi a bakin zaure, yara sun kewaye shi, suna tambayarsa me ya haɗa shi da mutanen Japan. Yakan ce wallahi ko akuyarsa ba su taɓa kora ba. Ya ce shi ma ya tambaya, tun daga kofur har wani malamin asibiti Bahindi, kuma abin da ya tattara shi ne Turawa sun yi wani yaƙi tun da fari, waɗanda suka yi nasara suka ci Jamus tarar da ta fi ƙarfinsa, suka yanke masa ƙasa. Ya haɗiye, ya yi shekara ashirin yana tafasa, ya samu shugaba mai baki da mugun nufi, ya amayar da ita kan duniya. Japan kuma ta ga kowane Bature yana da ƙasashen da yake tatsa, ta ce ita ma ba a bar ta a baya ba. Yakan ƙare da cewa manya ne suka yi rabon da bai yi daidai ba, aka zo har Tungar Marke neman wanda zai biya. Sodangi ya riƙa tuna wannan maganar a 'yan shekarun nan, domin fitinar dajin nan ma a gabansa ta fara, daga saniya ta shiga gona, a ci tara, a rama, a rama ramuwar, har yau ba mai iya cewa ga mafarinta.

Isah ya rasu da damina, a ƙarƙashin rumbu. Bayan shekara uku Jibrilla ya kwanta ciwon ajali, kuma wata rana da hantsi ya kori kowa daga ɗakin ya ce Sodangi ya miƙo masa tsintsiya. Ya zare tsinke biyu, dogo da gajere, ya dunƙule su a hannu kawunansu daidai, ya ce ya ja. Sodangi ya kama dogon, ya tabbata dogon ne, amma da ya zaro sai ga shi bai kai ɗan yatsa ba. Tsohon ya buɗe tafinsa, ga guntun a ciki. Akaifar babban yatsa ce ke yin aikin, a cikin dunƙulen, daidai lokacin da ake ja.

Ya ce masa, "Dogon tsinke Isah yaj ja. Ni nik karya shi. Ban hwaɗa maka don ka yi ba, na hwaɗa maka don ya yi min nauyi."

Ya sauke, ya tafi, ya bar Sodangi da kayan. Shekara talatin da wani abu yana ɗauke da su bai gaya wa kowa ba, bai kuma mayar da fadamar ba, domin in ya mayar sai an tambayi dalili. Haka dai yake gaya wa kansa. Ita fadamar kuma tana ba da albasa mai kyau, wannan ma gaskiya ce.

Ranar Laraba ya ɗauki tsintsiyar Halimat ya zaga bayan rumbu. Ya ce wa kansa so yake kawai ya ga ko abin yana yiwuwa da hannun tsoho. Na farko ya kuɓuce masa. Na biyu ya karye da ƙara. Kafin la'asar ya iya, ya kuma gano cewa in ka yi gyaran murya daidai lokacin ba mai jin komai. Halimat ta tarar da tsintsiyarta ta rame, ta yi ta faɗa da awaki. Shi kuwa ya yi alwala ya yi salla, ya kasa tuna raka'a nawa ya yi. Kunya ta kama shi sosai, amma duk da haka bai yanke akaifar ba.

Abin da ya ƙara dagula masa rai shi ne Halliru kansa. Mutumin bai nuna damuwar komai ba. Ya wasa lauje, ya gyara ɗaurin amalanke, ya goya ƙaramar 'yarsa a wuya yana zaga gida da ita. Da Sodangi ya yi masa zancen a kaikaice, wai ko zai leƙa Sakkwato wajen ƙanwarsa kwana biyu, sai ya ce in ya tafi ai ya zaɓar wa Zayyanu ke nan, kuma da wane ido zai dubi Baba Is'haƙa. Sodangi ya ji haushinsa, ya kuma ji alfahari da shi, ya rasa wanda zai bi.

Ranar Alhamis da safe ya yi abin da ya shekara bai yi ba, ya zaga ta ƙofar katanga ya shiga sashen hagu. Ya tarar da Is'haƙa zaune a rana yana tufkar igiyar rama, ƙafa ɗaya a miƙe, bakin igiyar a ɗaure a babban yatsa. Suka gaisa, suka tambayi gajiya, suka yi zancen hadarin da ke ta yawo gabas ba ya zubarwa. Sodangi ya zauna ya tashi ya sake zama. Can dai ya ce ya yi tunani, rabin fadamar nan ya kamata Zayyanu ya riƙa nomawa, babur ba abin dogaro ba ne.

Is'haƙa bai daina tufka ba. Ya ce, "Yaya, hwadamar ga ta kusa shekara tamanin wuri guda. Ba ta gudu kahin gobe."

Sodangi ya ce shi ba don gobe ya faɗa ba. Is'haƙa ya ce ya sani. Ya tofa yawu a tafinsa, ya murza ramar a cinya, sannan ya ce, kamar mai ba da labarin farashin gero, "Baba ya ce min ya ji."

"Mi yaj ji?"

"Ƙas. Ya ce awa an kashe ƙwarƙwata tsakanin akaihu. Ya ce igwa ta kashe mai kunne guda a Bama, ya mance ƙararta, amma wagga bai mance ba."

Da ƙyar Sodangi ya tambaya to don me Isah ya tafi, don me bai yi magana ba a gaban dogarai.

"Ya ce matar wansa na da ciki wata bakwai, shi ko ba ya da kowa. Kai na cikin, Yaya. Kuma in yat tona, wansa ba ya ƙara ɗaga kai cikin garin ga."

Kaza ta zo tana tsattsagar zaren rama, Is'haƙa ya kore ta da ƙafa. Babu ɗaci a muryarsa, kuma wannan ne ya fi ci wa Sodangi rai. Da zagi ne da ya san yadda zai tare. Ya dubi mutumin nan da suka tashi tare, wanda ya yi dako a kasuwar Isa har bayansa ya lanƙwashe yayin da shi yake loda albasa a mota, ya tuna ranar da ya ja katanga, Is'haƙa har laka ya taya shi kwaɓawa. Ashe duk tsawon nan ya sani.

"Ka san hakanga, kac ce ni za ni riƙe?"

"To wa za ya riƙe? Kai na babba."

Sodangi bai san yadda ya fito ba. Ya wuce zaure ya bi hanyar bayan gari har inda aka hana wucewa, ya tsaya yana kallon geronsa, ya dawo, ya sake komawa. Rai ɗaya yana ce masa tarko ne, Is'haƙa ya faɗa ne don ya ɗaure masa hannu. Ɗayan yana cewa ko tarko ne ai da gaskiya aka ɗana shi. Ya ce to zai bar wa Allah, ba zai taɓa tsinken ba. Sai ya hango Halliru kwance a bakin gona ƙudaje na bin fuskarsa, ya ji ba zai iya ba, ko da duniya za ta tsine masa. Ya yanke cewa in Zayyanu ya kama dogo zai yi gyaran murya ya karya, ya ba su fadamar duka, ya nemi gafarar Ubangiji har ya mutu. Da wannan shawarar ya dawo gida, kuma ba ta ba shi natsuwar ko minti ɗaya ba.

Juma'a ta zo da zufa. Hadarin ya matso, iska ta tsaya cik. Da aka sauko daga masallaci suka taru a zaure su biyar, har da liman a matsayin shaida. Mata ba sa shiga irin wannan zama, amma Is'haƙa ya ce Halimat ce za ta yanko tsinken, don kada a ce namiji ya zaɓa. Ta yanko da reza daga sabuwar tsintsiya, ɗaya tsawon taƙi, ɗaya rabinsa, ta miƙo ta bayan asabari. Sodangi ya juya baya ya daidaita kawunan, ya dunƙule, ya juyo. Dogon yana wajen babban yatsa, akaifar tana kansa. Liman ya yi addu'a. Aka ce ƙarami shi ke fara ja, abin da ya saura na babba ne.

Is'haƙa ya ce a ɗan yi masa shiru. Ya karkato da kai, ya juyo da kunnensa wajen hannun Sodangi.

Zayyanu ya durƙusa. Yaron da ke ratsa daji da buhu shida a babur, yau ya tsaya yana duban kawunan tsinke biyu. Ya kai hannu kan dogon, Sodangi ya ji maƙogwaronsa ya shirya gyaran murya. Sai yaron ya fasa, ya ce bismillahi, ya kama ɗayan ya zare.

Gajeren ne. Ba wanda ya sani tukuna sai Sodangi, domin sai an gwada da ɗan'uwansa. Wani sanyi ya sauko masa tun daga ka har tafin ƙafa. Allah ya fisshe shi, ɗansa ya tsira, hannunsa kuma tsaf. Bai karya komai ba, bai zalunci kowa ba, ko a gaban alƙali zai rantse.

Zayyanu ya sa tsinken a tafin mahaifinsa. Is'haƙa ya shafa shi daga wannan baki zuwa wancan, ya auna da yatsa, ya shafa yankan rezar. Ya gane. Ya kuma san bai ji komai ba. Ya gyaɗa kai a hankali, ya lalubo kafaɗar ɗansa ya dafa, ya ce da 'yar murya, "To. Allah ya yi."

Da ya yi kuka, ko ya ce an cuce shi, da Sodangi ya daure. Amma haka ya karɓa, kamar wanda aka miƙa wa abin da ya saba karɓa. Sodangi ya dubi hannun da ke kan kafaɗar, duk kanta da tsagar rama. Ya tuna Isah yana rarrafe cikin taɓo yara suna dariya, shi ma yana cikin masu dariyar. Ya ga cewa shi kansa, da rumbunansa da kwanonsa da ɗansa da jikokinsa, duk kan rabin tsinke suke zaune. Yanzu kuma sashen hagu zai sake bayarwa, da gaskiya wannan karon, kuma ba mai iya cewa komai har abada. Ya ji ba zai iya tashi daga buzun nan ya ci gaba da zama a gidan ba.

Halliru ya matso ya kama kan tsinken da ya rage. Sodangi bai yi gyaran murya ba.

Ƙas.

Ƙarar ba ta kai ta kawo ba, liman ma bai ɗago ba. Halliru ya zaro abin da bai kai gaɓa biyu na yatsa ba. Liman ya karɓa ya jera su a tafinsa, ya ce na Halliru ne gajere, Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya. Zayyanu ya buɗe baki yana duban tsinken biyu, kamar mai son cewa wani abu bai yi daidai ba, sai yatsun mahaifinsa suka nutse a kafaɗarsa, ya rufe.

Is'haƙa ya ji. Fuskarsa ta juyo daidai inda Sodangi yake, leɓensa ya motsa. Sodangi ya jira, kuma Allah ya sani, a wani lungu na zuciyarsa roƙo yake ya yi magana, ya ce a sake, ya ce Yaya ba haka ba. Is'haƙa ya sunkuyar da kai ya shafa fatiha tare da kowa. Shi ma uba ne.

Halliru ya karɓi tsinkensa daga hannun liman. Ya juya shi, ya dubi bakin da ya fito daga dunƙulen, fari fat, da 'yan zaruruwa a tsaye. Ya daɗe yana duba. Sannan ya ɗago ya dubi mahaifinsa ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi wayo. Babu fushi a kallon, tambaya ce kawai. Halliru ya sa tsinken a aljihu ya ce zai je ya gaya wa mai gari, don a san da shi a fitar gobe.

Ya miƙe ya sa takalmi. Sodangi ya so ya kira shi, ya ce ya tsaya ya ji, akwai labari. Amma shekara arba'in bakinsa bai saba da sunan ba, kafin ya haɗo shi har ya sha kwana. Sauran suka watse. Iska ta taso da ƙanshin ƙasa, aka fara yayyafi, yara suka fito suna tsalle a titi. Sodangi ya buɗe hannunsa da ya sandare, ya kakkaɓe a gefen buzu, ya jingina da bango. Karon farko cikin kwana shida da ya zauna bai ji yana son tashi ba, kuma ba daɗi ne ya zaunar da shi ba.

Daga cikin gida ya ji matar Halliru ta fara kuka, ya ji Halimat tana ba ta haƙuri, tana cewa ƙuri'a ce, rabo ne, kowa da abin da aka rubuta masa. Can kukan ya lafa. Sai ga Halimat ta ɗaga asabari ta shigo da tsintsiya, idanunta jawur, ta ce ya ɗaga ta share, don ita in ba ta sa hannunta aiki ba zuciyarta fashewa za ta yi. Ya ɗan muskuta. Ta share wajen ƙofa, ta ɗauke tsinken Zayyanu inda ya yar. Ta zo gefen buzu ta tsaya.

Ta sunkuya ta ɗauko guntun. Baki ɗaya yankan rezarta ne, ɗayan fari. Ta ɗora shi kusa da na Zayyanu a tafinta, ta dube su, ta dubi babban yatsan mijinta.

Ta ce, "Malam, biyu niy yanke."